Motata Tana Fizgewa Dama Idan Na Taka Birki, Ina Matsalar Take?

Wani bawan Allah ne ya aiko da tambaya daga Bukuru, ya ce: "Salamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2010. Tun ƙarshen damina, duk sa'ad da na taka birki sai ta fizge ta yi dama, musamman in ina da ɗan gudu. Na canja fad ɗin birki na gaba, an yi mini alaimen har sau biyu, abin bai daina ba. In ba birki na taka ba, a miƙe take tafiya. Kuma kusan duk wata sai na je Abuja. Me ke damunta?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, don Allah ka jingine tafiyar Abuja da motar nan har sai an gano abin da ke damunta. Kai ma ka san Hawan Kibo. Motar da ke fizgewa a tsakanin Bukuru da Taminus, inda gudu kaɗan ne kuma hanya a shimfiɗe take, ba ita ce za ka saka a wannan gangaren ba, ga kwana, ga tirela a gabanka, ga birki ya ɗauki zafi. Abin da kake gyarawa da ɗan juya sitiyari a cikin gari, a can zai iya fin ƙarfin hannunka.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, don duk sauran bayanin a kansa yake tafiya: mota tana bin ɓangaren da birkinsa ya fi kamawa ne. Ka ɗauki misalin amalanke mai taya biyu da yaro ke turawa a kasuwar Farin Gada. In dutse ya tare tayar dama, ta hagu kuma ta ci gaba da juyawa, ina za ta karkata? Dama. To haka motarka take. Tana yin dama ne saboda ƙafar dama ta fi ta hagu kama birki. Abu biyu ne ke kawo haka: ko dai ta dama tana kamawa fiye da kima, ko kuma ta hagu ba ta yin nata aikin. A shekarun da na yi ina kanikanci a garin nan, na biyun ne na fi cin karo da shi nesa ba kusa ba. Wato ƙafar da motar ke karkata wajenta sau da yawa lafiyarta ƙalau, mara lafiyar tana ɗaya ɓangaren ta yi shiru. Sai ka ga mutum ya zo yana cewa a kwance masa ƙafar dama, an kwance, an wanke, an ɗaure, abin na nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Shi ya sa ma alaimen, wato saitin tsayuwar tayoyi, bai yi maka magani ba. Motar da alaimen ɗinta ya gurɓace kullum cikin ja take, ko ka taka birki ko ba ka taka ba, kuma za ka ga taya na cinyewa ta gefe ɗaya. Taka kuwa ka ce a miƙe take tafiya sai an taɓa birki. Wannan maganar kaɗai ta isa ta nuna cewa kuɗin da ka biya sau biyu ba a inda ciwon yake aka kashe su ba.

Duk da haka, ka fara da abin da ba zai ci maka kuɗi ba. Je wurin mai faci da safe, kafin taya ta yi zafi, a auna iskar tayoyi huɗun da geji, ba da bugun ƙafa ko na sifana ba. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin takardar da ke manne a ƙofar direba. Taya mai ƙarancin iska tana jan mota wajenta, kuma birki yana ƙara fito da abin fili, domin in ka taka, nauyin mota gaba yake zubowa. Ka duba kuma ko tayoyin gaba biyun iri ɗaya ne, girma ɗaya, zane ɗaya. Mu nan mun saba da sayen tayar Baljiyam ɗai-ɗai, sai ka ga hagu wani kamfani, dama wani, ɗaya da sauran zane, ɗaya ta yi sulɓi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: in ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya robarta ta bushe, ba ta riƙe kwalta kamar sabuwa ko da zanenta na nan. In kana shakka, a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, in dai ba masu kibiyar da ke nuna gefen juyawa ba ne. Idan jan ya koma hagu, to taya ce, magana ta ƙare.

In bai canja ba, sai gwaji a hanya. Ka nemi miƙaƙƙen titi mai kyau, lokacin da babu motoci. Ka tuna titunanmu ana ɗan karkata su ne zuwa gefe don ruwa ya gangare, kuma tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, gefen da ke kusa da mu shi ne dama, saboda haka ɗan lallaɓawa dama a hankali ba laifi ba ne. Fizga ita ce laifi. Ka kai gudun kilomita 40 zuwa 50, ka sassauta riƙon sitiyari ba tare da ka sake shi ba, ka taka birki a hankali. Ka sake, ka taka da ƙarfi. Ka lura da abu uku. Sitiyarin da kansa yana juyawa a hannunka? To matsalar a gaba take. Sitiyari na tsaye amma jikin motar ne ke gocewa kamar ana tura ta ta baya? Ka zargi birkin baya. Ka ji wani "ƙwas" ko "gum" daga ƙasa daidai lokacin da ka taka, motar ta yi tsalle gefe sau ɗaya? Wannan ya fi kama da bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙasan mota, zan zo kansa.

Bayan ka taka birki sosai sau biyar ko shida, ka faka, ka zagaya. Kada ka taɓa faifan birki, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya wanda fad ke matsewa, da hannu, zai saɓule maka fata. Ka kai bayan hannunka kusa da rim, hagu da dama, ka ji hucin. Wasu garejin suna da ɗan na'urar auna zafi mai kamar bindiga, ita ta fi. Ƙafar da ta yi aiki za ta yi zafi, wadda ba ta yi ba za ka ji ta da ɗumi-ɗumi kawai. Ka leƙa ta ramin rim ka dubi fuskar faifan: mai aiki yana sheƙi kamar an goge tire, wanda fad ba ya matsa shi sosai za ka ga tsatsa-tsatsa a fuskarsa. Wanda kuma ya ƙone saboda birki ya riƙe shi, launinsa kan koma shuɗi-shuɗi, har da ƙauri.

Ina ma a ce ka ajiye tsofaffin fad ɗin da aka cire maka. Ni duk motar da aka kawo mini da irin wannan ƙorafi, kafin in sa sabo, sai na jera tsofaffin guda huɗu a ƙasa, na hagu biyu, na dama biyu, in tsuguna in dube su. Su ne shaidun da ba sa ƙarya. In na dama sun cinye, na hagu kuma na nan da kauri, to ƙafar hagu ta daɗe tana hutawa. In a ƙafa ɗaya na ciki ya cinye ƙarƙaf na waje bai taɓu ba, ko ɗaya ya cinye a karkace kamar bakin gatari, to fil ɗin kalifa ne ya kafe, kalifa kuwa ita ce ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai. In har suna wurin wanda ya yi maka aikin, ka je ka karɓo.

Ga yadda abin yake aiki. A Corolla irin taka, kowace kalifa ta gaba fistin ɗaya gare ta, a ɓangaren ciki. In ka taka feda, man birki ya tura fistin, fistin ya matsa fad na ciki a jikin faifai. Na waje fa, wa zai matsa shi? Kalifar ce da kanta take zamewa a kan wasu fil guda biyu, ta jawo fad na waje, sai faifan ya shiga tsakani kamar an matse shi da filaya. Kowane fil yana da 'yar robar da ke rufe shi, da giris a ciki. To ka kawo damunar Jos a ranka: wata shida ana ruwa, ana shiga kududdufi, ana wanke mota da injin feshi har cikin taya. Robar nan tana yagewa, ruwa ya shiga, giris ya wanke, tsatsa ta kama fil. Daga nan kalifa ta daina zamewa, fad ɗaya ne kawai ke taɓa faifai, ƙarfin birkin ƙafar ya ragu. Ka ce abin ya fara ne a ƙarshen damina, kuma wannan ya sa zargina na farko yana kan fil ɗin ƙafar hagu, wato ɓangaren direba.

Gwajinsa ba wuya. A ɗaga gaban motar, a sa ta a kan sitan mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. A cire taya, a kwance kalifa, a rataye ta da waya, kada a bar ta tana lilo a jikin tiyo. Sai a kama kowane fil da yatsu biyu. Lafiyayye yana shiga yana fita sumul, ba gardama. Wanda sai an sa filaya ko guduma kafin ya motsa, shi ne ɓarawon. In tsatsar ba ta ci ƙarfen ba, a goge shi tas, a wanke raminsa, a sa sabuwar roba. In ya yi rami-rami, a sayi sabo. Wajen giris kuma ina roƙonka ka tsaya a kai da kanka. Giris ɗin boris na yau da kullum daga man fetur aka samo shi, yana kumbura roba, bayan 'yan watanni fil ya sake kafewa. Na silikon ake sa wa, wanda aka yi don birki. A duba kuma 'yan ƙarafan da kunnuwan fad ke zama a kansu. In tsatsa ta taru a ƙarƙashinsu, fad yakan maƙale, kuma sabon fad ɗin da sai da aka buga shi da guduma ya shiga ba zai taɓa motsi yadda ya kamata ba.

In fil lafiya, sai fistin. A tura shi baya da matsi a hankali, hagu da dama, a kwatanta. Wanda ya ƙi komawa, ko yake komawa da ƙyar, ya yi tsatsa a ciki. A nan akwai wani abu da ke ruɗa mutane, har da wasu makanikai. Fistin da ya kafe a waje yana riƙe birki ko ba a taka ba. Da safe, mota da sanyi, sai ta riƙa jan ɓangaren da ya riƙe. Amma in aka yi tafiya, fad ɗin wannan ƙafar ya gasu da zafi, sai ya daina kamawa, kana taka birki sai motar ta fizge ɗaya ɓangaren. Mota ɗaya, ciwo ɗaya, amma ja biyu. Saboda haka ka lura ko jan naka yana canjawa tsakanin safe da bayan doguwar tafiya, ko akwai ƙafar da ke yin ƙauri, ko man da motar ke sha ya ƙaru.

Tiyon birki, wanda muke ce wa hos, shi ne wanda aka fi mantawa da shi, domin daga waje sai ka gan shi garau. Motar 2010 ta haura shekara goma, kuma da wuya a ce an taɓa canja shi. Robar cikinsa takan saɓule ta toshe hanya. Wani lokaci mai ba ya isa kalifa da wuri, sai ka taka, motar ta fizge, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ta dawo daidai. Wannan alamar tiyo ce sosai. Wani lokaci kuma man yana shiga amma ba ya komawa, birki ya riƙe. Yadda nake raba gardama tsakanin tiyo da kalifa shi ne: mota na sama, yaro ya taka birki da ƙarfi ya saki, in juya tayar da hannu. In ta riƙe, sai in ɗan buɗe nifil ɗin cire iska da ke jikin kalifa. Mai ya yi tsartuwa, taya ta saki nan take? Kalifa ba ta da laifi, man ne aka hana komawa, sai a koma kan tiyo. An buɗe, taya na nan a riƙe? Kalifa ce. Wannan gwajin na minti biyar ya hana mutane da yawa sayen kalifar da ba su buƙata a Dilimi.

Akwai wata Sharon ta haya da ba na mantawa da ita. Direban ya zo da yamma ana yayyafi, ya ce tun da ya karɓi motar take fizgewa, har ya saba da tare ta da sitiyari. Muka duba fil, lafiya. Fistin na komawa. Na buɗe nifil na hagu, yaro ya taka feda har ƙasa, ko ɗigo bai fito ba. Na bi layin da tocila har inda tiyo ya haɗu da bututun ƙarfe, na kwance, sai ga kan ƙusa an yanke an cusa a bakin bututun. Wani ne can baya ya ga ƙafar na yoyo, maimakon ya gyara sai ya kashe ta. Motar nan tana ɗaukar fasinja cike, da kaya a but, tana sauka Hawan Kibo da ƙafa uku. Direban ya daɗe yana kallon ƙusar a tafin hannuna bai ce komai ba, sai salati. Na kawo maka wannan ne don motocinmu yawanci sun bi hannaye da yawa kafin su zo gare mu. Duk wanda zai duba maka, ya tabbatar mai yana fita da ƙarfi iri ɗaya a kowace ƙafa.

Sai fad ɗin da kansa. In giris daga yagaggiyar robar shaf, ko mai daga shoka mai yoyo, ko man birki ya taɓa fuskar fad, wannan ƙafar ba za ta kama daidai ba. Fad da ya sha mai ba ya wankuwa, ko an sa fetur ko an gasa shi a wuta, sai dai a jefar, bayan an toshe inda man ke fitowa. Ka tambaya kuma ko fad huɗun da aka sa maka daga kwali ɗaya suka fito. Kuma faifan da ya yi kwari-kwari a ɓangare ɗaya, sabon fad ba zai kwanta a kansa sosai ba. Kowane faifai akwai iyakar kaurin da aka buga a jikinsa, in ya kai nan ba a feƙe shi, canjawa ake yi. In kuwa rawa kake ji a sitiyari ko a feda lokacin birki, wannan wani ciwon ne daban na faifai, ba shi ne fizga ba.

Bayan motar ba zan daɗe a kansa ba, don gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Da yawa daga Corolla na wancan zubin dram ne a bayansu, wato birki mai kamar ganga maimakon faifai. A buɗe duka biyun, a duba ko silinda na yoyo ta jiƙa takalmin birki, ko saitin ɓangare ɗaya ya yi nisa, ko wayar birkin hannu ta kafe.

In aka gama duk wannan aka samu birki daidai yake, to a dawo ƙasan mota. Bushin ɗin lowa am, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa ƙafar gaba da jikin mota, musamman babban na baya, shi ke riƙe tayar gaba a mazauninta lokacin da birki ke tura ta baya. In ya yage, kana takawa sai tayar ta ja baya ta ɗan juya, motar ta bi ta. Ramukan titi su ke kashe shi. A na'urar alaimen ba zai nuna ba, don mota a tsaye take, babu abin da ke tura tayar. A sa ƙarfe a ɓanɓara shi a gani, a girgiza taya a duba bol join da tayarod, mahaɗan da ke riƙe taya da juya ta. In a nan aka samu laifin, bayan an canja ne alaimen zai yi amfani.

Game da man birki, ka sa wanda aka rubuta a murfin tankinsa, a motarka nau'in DOT 3 ne. Wannan man yana tsotsar laima daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma wanda ya sha ruwa a digiri 140 ma yana iya tafasa, kuma ruwan nan shi ke sa fistin tsatsa daga ciki. Man da ya tafasa a gangare, feda ce za ta tafi ƙasa babu birki. Ni duk shekara biyu nake ba da shawarar a zubar a sa sabo daga rufaffiyar gora. Kada ka yarda a ƙara maka man giya ko na sitiyari a tankin birki, yana lalata duk robar da ke cikin layin. In fedarka ta yi laushi tare da jan, a nemi iska ko yoyo, domin motoci irin wannan layin birkinsu a gicciye yake, gaban hagu da bayan dama layi ɗaya, kuma in layi ɗaya ya raunana mota za ta karkata. Akwatin ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, shi ne na ƙarshe da za a zarga, bayan an wanke duk sauran daga laifi.

Wajen gyara, abin da aka yi wa hagu a yi wa dama. Fad, faifai, tiyo, takalmin baya, bibbiyu ake canja su. Kalifa in ɗaya ce ta mutu ana iya canja ta ita kaɗai, amma a kwance ɗayar a yi mata sabis, kuma in Baljiyam za ka saya, a tura fistin ɗinta a gabanka kafin ka biya. Bayan an ɗaure a cire iska, a yi ta taka feda har ta yi tauri kafin a motsa motar, don takun farko bayan an tura fistin baya wayam yake. Sannan a fita a taka birki matsakaici sau takwas zuwa goma daga gudun kilomita 50, ana barin tazara, don fad ya kwanta.

In da motar na gabana yau, da ƙafar hagu ta gaba zan fara: fil, sannan fistin, sannan tiyo. Ka sa a bi su a haka kana tsaye, kada a sayi komai sai an nuna maka abin da ya lalace ka gani da idonka. Ranar da ka koma hanyar Abuja kuma, tun kafin ka fara sauka Hawan Kibo ka mayar da giya 2 ko L, injin ya riƙe motar, birki ya zama na taimako kawai. In ka yi gwajin hanya da na zafin rim, ka aiko mini da abin da ka gani, da hoton tsofaffin fad in an same su, sai mu ga inda za a dosa. Allah Ya tsare hanya.